Gayyar Ranar Faɗuwar Tauraro

Gwiwa, 8 ga Yuli, 1979

Zuwa ga ɗana Kaumi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Mairam. Mu ma lafiya lau, ruwa ya zauna.

Na ga saƙonka, wai in rufe gida in taho Ikko saboda tauraron ɗan'adam ɗin da rediyo ta ce zai faɗo ranar Laraba, ba a san inda zai sauka ba. To, ba zan zo ba! Ranar na sa gayya a gonar marigayi babanka. Ciyawa ta shaƙe geron, in aka ƙara mako guda, bana sai dai mu ci iska.

Maza duk sun tsorata. Har Daudu, sarkin gayya da kansa, ya aiko wai a ɗage. Ka ce ma'aikatarku ta harkokin waje tana bin zaman da manyan ƙasashe ke yi don su daina gwada harbo taurarin juna. Su suka harba abinsu sama, ni ce zan bar gonata? Wallahi raina ya ɓaci.

Mahaifiyarka,
Yagana

Gwiwa, 15 ga Yuli, 1979

Ɗana Kaumi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata jikin Mairam da sauƙi.

Ran Laraba har hantsi babu namiji ko ɗaya a gona. Ni da maƙwabciyata Dela muka kwashe tuwon gayyar, muka bi gida gida muna ajiyewa. Ka san garin nan, mutum ba ya cin tuwon gayya ya koma ɗaki. Suka ci kuwa, kunya ta fito da su. Daudu ya zo da tukunyar ƙarfe kife a kansa, yana noma yana leƙen sama. Ban ɓoye maka ba, ni ma ina jin tsoro, amma ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya.

Tauraron dai can wata uwa duniya ya faɗa. Sai dai rana ta riga ta yi, ɓangaren gabas bai samu noma ba, ciyawa ta cinye shi. Can ne babanka ya fi so.

In kun je zaman nan na manyan ƙasashe, ka faɗa musu ko ƙusa ba ta faɗo Gwiwa ba, amma tauraronsu ya ci mini rubu'in gona. Ka faɗi sunana.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Yagana