Baba da Giwan Ruwa

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan da yara? Ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan cikin birni lafiya lau, in ban da Baba.

Tun da ya yi ritaya, wani masunci, Malam Tanko, ke ɗaukarsa a kwalekwale zuwa tsakiyar dam kamun giwan ruwa. Ranar Asabar na bi su in gani da idona. Ya shiga da babbar riga. Malam Tanko ya ba shi jarka ya ɗaura saboda nutsewa, Baba ya ƙi, ya ce shi ba manja ba ne. Kuma ya naɗe igiyar ƙugiya a wuyan hannunsa.

Da kifin ya fizga, sai Baba ya miƙe tsaye.

Malam Tanko ya ɗaga murya: "Alhaji, zauna! Don Allah zauna!"

Kwalekwalen ya karkata, ruwa ya kwararo har cinyata. Digirina biyu, Yaya, babu wanda ya koya mini iyo. Malam Tanko ya zaro wuƙa ya datse igiyar. Godiyar da Baba ya yi masa ita ce, "Ka yanke mini rabo."

Har yau in na rufe ido, rigar nan nake gani a kan ruwa. Ki kira shi, ke kaɗai yake jin maganarki. Ki sa mu a addu'a, ki gaida yara.

Ga ƙarar ƙofar zaure, Baba ya fita, dam zai koma. Bari in ɗauki jarka in bi shi.

Ƙanwarki,
Bilkisu