Gonar Robarmu Tana Nan

Zuwa ga 'yata Sapiyoh,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Maroning da jikata Nurisan. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a gidan abincinku na Kuala Lumpur. Mu nan Yaring ruwa ya sauka sosai, 'yan'uwa duk suna lafiya. Na san kin fi son kira, amma a waya kuka ke riga ni magana, shi ya sa na ɗauki biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na koya.

Kada ki bar aikinki ki taho. Abin da kika ji gaskiya ne, mota ta kaɗe Ayah, mahaifinki, amma yana samun sauƙi. Yana kan keke ne zai je gasar kukan kurciya, keji a hannu ɗaya. Iska ta ɗage ƙyallen kejin, ya juya zai gyara, keken ya karkace tsakiyar titi, motar kifi ta maƙwabcinmu Pak Doloh ta same shi. Ƙaurinsa ya karye, an sa masa ƙarfe a asibiti. Ita kuwa kurciyar ko gashi ɗaya ba ta rasa ba.

Washegari Pak Doloh ya zo asibiti da liman da dattawan unguwa, da shinkafa mai danƙo da gasasshiyar kaza, yadda aka saba. Suka yi musafaha, Ayah ya ce ya yafe duniya da lahira, dama laifinsa ne. Bayan haka ne asibiti suka ce katin lafiyarmu na gwamnati ba ya ɗaukar haɗarin mota sai an fara da inshorar motar. Ko mu kawo takardar 'yan sanda, ko mu biya da kanmu. Ayah ya ce sam. Wai ya ci kazar mutum, ya yafe a gaban liman, sannan ya kai sunansa wurin 'yan sanda? Da wane ido zai shiga masallaci? Yana daga kwance ya aika wa Haji Samae mai sayen roba cewa zai jinginar masa da gonarmu ta itatuwan roba. Sapiyoh, gonar nan ita ce cinmu da suturarmu. Na kasa cin abinci.

Na yi ƙarfin hali na je teburin inshora na asibitin. Wata mata ce a wurin, Rohani. Na gaya mata komai, har da kurciyar. Ta yi murmushi ta ce, Inna, inshorar dole da ke kan kowace mota tana biyan kuɗin maganin farko ba tare da tambayar mai laifi ba, ko da maigidan naki ne ya kai kansa gaban motar. Ta ce takardar 'yan sanda shaida ce kawai cewa abin ya faru, ba ƙara ba ce. Wai akwai ƙarin haƙƙi idan laifin direba ne, na ce wannan ba ma nema. Na yi ta sa ta tana maimaitawa har na bayana a layi suka fara tsaki.

Na koma da murnata, amma kin san taurin kan mahaifinki. Ya ce mata biyu sun haɗu sun ƙirƙiro doka. Sai na wuce kasuwar kifi wurin Pak Doloh. Da ya ji zancen jingina ya ajiye wuƙa, ko hannu bai wanke ba ya biyo ni. Ya tsaya kan gadon Ayah yana ƙarnin kifi, ya ce, kai bawan kurciya, ni ka yafe wa, kamfanin inshora kuwa bai kawo maka kaza ba! Ya ce shekara da shekaru yana biyansu bai taɓa ganin amfaninsu ba, yanzu da ranarsu ta zo wani gurgu zai hana? Ayah ya ce gurgun ma wa ya gurgunta shi, makahon direba? Suka yi ta dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Duk da haka sai da aka kira liman, ya ce yafiya tana nan daram tunda ba wanda ya kai wani ƙara, sannan Ayah ya yarda.

A motar kifin Pak Doloh ya kai ni ofishin 'yan sanda. Jami'in ya dube ni, ya turo mini tawadar dangwale. Na ce ɗana, ba ni biro. Na rubuta sunana da na mahaifina cikakke. Asibiti suka karɓi kuɗinsu kai tsaye daga kamfani, abin da ya saura katin lafiya ya ɗauka.

Jiya Haji Samae ya zo gida da shaidunsa. Na shimfiɗa musu tabarma, na dafa shayi, na soya ayaba. Da suka ƙoshi ya ce to, sai maganar gona. Na ce Tuan Haji, gona tana gaishe ka, jingina dai mun fasa, amma ranar kasuwa zan kawo maka roba ka saya, da fatan ma'auninka ƙalau yake. Ya yi dariya, ya ce a gaishe da mai jiki.

Ban san dokar ƙasar da kuke ba, amma don Allah ki sa Maroning ya duba inshorar babur ɗinsa, kuma ku daina ɗaukar Nurisan ba hular kwano. Ayah yana gaishe ku, haka goggonki Mak Long Timoh da kawunki Pak Su Mayeng. Ki gaishe mini da surukarki da Kak Yah mai taimaka miki a kicin.

Ni ce mahaifiyarki mai yi muku addu'a kullum,
Mak, Minoh binti Awae