Sistam ɗin Ticha Kofi

Kaladan, daren Laraba, 1983

Yau an ba Ticha Kofi rabon masarar unguwa, aikin da nake riƙe da shi tun shigowar yunwar nan. Ni na kawo dabarar kowa ya ajiye dutsensa a layi tun asuba don kama wuri, ko da yake kullum sai an yi faɗa. Shi kuwa ya miƙe a taron unguwa yana ta "sistam, sistam", dattawa na gyaɗa kai. Na duba ƙamus, ashe tsari ne kawai, yin abu bi da bi! Ya sa aka zubar da duwatsu, aka kira gida-gida. Abin haushi, ko faɗa ba a yi ba.

Hajara ta dawo daga rabon da wuri, ta ce, "Maigida, mutumin nan ya iya aiki."

Na cinye tuwon da ta yi da masarar, na ce mata gishiri ya yi yawa a miya.