Kwamfutar da ke kan teburin falo

Baban Yasmin,

"Umma, kwamfutarki tana ganin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, amma ba ta ga jikina ya yi zafi ba?" Abin da 'yarka ta tambaye ni ke nan ɗazu. Na taɓa goshinta, kamar garwashi. Wallahi sai da na yi hawaye. Mun tafi asibiti, na kira ka sau uku ba ka ɗauka ba.

Na bar kwamfutar a buɗe. Tun asuba take lissafi da awon maganaɗisun ƙasa, don ta fitar da siffar duwatsun da ke binne. Shi ne darasin da zan koya wa ɗalibai gobe da safe. Lissafin awa goma yake ci, kuma sau biyu yana katse min. In ya sake, ba ni da abin nunawa, ogan sashenmu kuma wani malamin zai ba ajin.

An ɗauke wuta, inbata ce kaɗai ke riƙe da ita. Na san za ka so goge kaftaninka na Juma'a. Don girman Allah ka kai wa mai guga. Kana jona dutsen guga a inbatar nan, komai zai mutu.

Rabi