Matar da Ke Cikin Kwale-kwale

Yelwa, Talata

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Ya ciwon gwiwar? Nafisa ƙanwata, karanta mata a hankali, ban da ƙari.

Na ji kin daina ɗaukar wayata saboda labarin da nake rubuta wa matasa. Wai 'yan matan garinmu Wara sun karanta babin da kwale-kwale ya kife da Kande mai kifi, shi ne iyayensu suka cika miki gida da jaje. Kina zaune a gabansu kina ɓarar gyaɗa! Wane irin rashin aikin yi ne wannan? Kin ce ina kira miki mutuwa, in bar rubutu ko ki cire bakinki daga kaina. Inna, ni da na koyi karatu a jikin jaridar ƙunshin ƙosai, yanzu ne zan bari? Kande ba ke ba ce.

Ɗanki, Ɗahiru

Yelwa, Juma'a

Inna,

Ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya. To, ke ce. Zanen fuskarta naki ne, faɗanta ma naki ne. Duk ranar kasuwa kina ƙetare ruwa da kwandunan kifin banda, rigar ruwa mai hana nutsewa da na aiko miki kuwa kin mai da ita matashin kai, wai zafi gare ta. Na yi magana, kin ce in rufe miki baki. Shi ne na rubuta abin da ke hana ni cin abinci duk sanda hadari ya haɗo ta yamma.

Ban gama labarin ba, ba a ga gawar Kande ba tukuna. Ki sa rigar, in fito da ita da rai.

Mai ƙaunarki, Ɗahiru

Yelwa, Litinin

Innata,

Gaisuwa mai yawa. Nafisa ta turo hoton. Riga a kan hijabi, kin ɗaure igiyar a karkace, kin haɗe rai kamar ni na turo iskar. Na yi dariya har na share ido.

Masunta sun tsamo Kande rungume da jarka, tana zagin mai jirgin. Masu karatu na ta tsine mini, wai na lalata labari, mutuwar ce ke da daɗi. Su je su kashe tasu uwar.

Gobe zan kira bayan la'asar. Ki ɗauka.

Ɗanki, Ɗahiru