Ɓaleri a Filin Hawan Ƙaho

Damagaram, ran Asabar

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da yara, da duk mutanen Sule Tankarkar. Yaya ƙafar Inna? Ƙanwata Jannatu ta sauka lafiya, an sami mace.

Iyakar gaisuwar ke nan. Ban kira ka a waya ba don na san bakinka, kafin in dire magana ka kanainaye ni. Shi ya sa na ba Barau direba wannan takarda.

Jiya mijin Jannatu ya kai mu kallon hawan ƙaho, wasan da mahauta ke yi bayan Sallah. Sai a ɗaure bijimi da igiya gaba da baya, ƙarti na riƙe, kalangu na tashi, mahauci ya yi kirari ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuya. Na farko da na biyu ban ko kalle su da kyau ba. Da aka jawo na uku, sai na ƙura masa ido. Baƙi wuluk, farin tabo a goshi, tsaga biyu a kunnen hagu irin ta gidanmu.

Malam, Ɓaleri ne. Jikan saniyar da mahaifina Baffa ya ba ni ranar sunana, wanda na raina da hannuna bayan uwarsa ta mutu. Shi ne ka ce ciwon harbin daji ya kashe lokacin da nake jinya a Gumel, har ka rantse gaban Inna mahaifiyarka cewa da hannunka ka binne shi. Kwana uku na kasa cin abinci, kana zaune kana ba ni haƙuri. Ashe mushe ma yana tsallaka iyaka.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na yi masa kiran da nake masa a bakin garke, da Fillanci. Duk da kiɗan nan sai da ya ji ni. Ya fizge kai ya juyo wajena, daidai lokacin da mai hawan, wani magidanci Yazid, ya daka tsalle. Ƙahon ya same shi a cinya, aka kwashe shi sai gidan likita.

Ka amsa mini a rubuce. Ina son ƙaryar da zan iya karantawa sau biyu.

Ka gaida Inna da yara.

Ni ce matarka,
Ummulkhair

Damagaram, ran Laraba

Zuwa ga Malam,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Takardarka ta iso, na kuwa karanta ta sau biyu.

Wai Ɓaleri ya fara tunkuyi, ka ji tsoron ya illata yara, ka kai shi kasuwar Maigatari, ka ɓoye mini don tausayi. Kai ko kunya! San da 'yar autarmu ke jan bindinsa yana tuƙa abinsa? Kuma babur ɗin da ka ce Kawu ya ba ka aro, a satin da ka ce Ɓaleri ya mutu ya shigo gida. Ni sakarya har da kai wa Kawu fura don godiya. Yanzu na gane kallon da ya yi mini.

Na je duba Yazid. Likita ya ce zai tashi, amma da ɗingishi, ya gama hawan ƙaho har abada. 'Ya'yansa huɗu. Matarsa ba ta amsa gaisuwata ba, ban kuma ga laifinta ba. A unguwa cewa ake Bafillatanar Nijeriya ta yi wa bijimin asiri. Muryata ce ta jawo, wannan zan ɗauka har kabari, amma kai ka kai Ɓaleri filin. Wallahi ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda nake jin naka ba.

Da la'asar ɗin ranar wasan aka yanka Ɓaleri. Da babban mahautan ya ji labarina, sai ya aiko mini da tozon, ya ce wadda ta raina ba a hana ta rabo. Baƙo ya san wannan, mijina na shekara goma sha ɗaya bai sani ba.

Daga nan Gagarawa zan wuce, gidan Baffa. Yaya Ishaƙ zai zo ya kora sauran shanuna, kada ka tsaya masa a hanya. Yara su biyo shi.

Naman na kasa kai shi baki. Na yanyanka na shanya, yana cikin ƙwaryar da Barau zai miƙa maka. Ka kai ɗakin Inna ka ci a gabanta, in ta tambaye ka naman me ne, ka sake rantse mata.

Ka gaishe ta.

Ni ce,
Ummulkhair