Ja da Kore a Hannun Tela

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ciwon gwiwar nan?

Yaya, akwai abin da na ɓoye miki. Wata guda ke nan wani kumburi ya fito wa maigidana a damtsen dama, hannun da yake riƙe almakashi. Saurin girmansa ya sa likita tsoron ko ciwon daji ne, har ya ambaci yanke hannun. An ɗebi ɗan nama, kuma ɗakin gwajinmu aka kawo shi.

Kin sha tambayata me nake yi a ɗaki mai duhu da rana tsaka. Akwai wata ƙwayar gado mai haɗa sinadarin da ke datsa furotin a jiki. Muna ɗiga rini biyu masu ƙyalli, ja ya kama gefenta ɗaya, kore ɗaya gefen. In tana nan lafiya, sai su haɗu su ba da rawaya. In ta tsinke ta sauya wuri, sai su rabu. A irin kumburinsa rabuwar ake so, don ita ke nuna ba daji ba ne.

Shugabarmu ta hana ni taɓa gilashin da aka ɗora namansa a kai, ta ce idon mata ba ya ƙirgen gaskiya a kan miji. Na wasu nake dubawa. In na leƙa madubin ƙara girma ina ƙirga, sai in ji kamar ina shawagi cikin ruwa mai shuɗi, fitilu na wucewa, in manta lambar da na kai.

Ki sa mu a addu'a. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonki, Allah ya bar zumunci.

Jiya da hantsi shugaba ta kira ni. Ta riga ta ƙirga ƙwayoyi ɗari a namansa, likita ya sa hannu, sannan ta tashi ta ba ni kujerarta. Yaya, ja can, kore can, kamar fitilun kwale-kwale biyu a bakin kogi. Na daɗe ina kallo har numfashina ya dusashe gilashin.

Na taka da ƙafa zuwa shagonsa, ɗige-ɗigen na bina a kan bango da fuskokin mutane. Na tsaya a tsallaken titi ina kallonsa yana yanka yadi, zare a leɓe. Da ya hango ni, kai kawai nake girgizawa, ina nufin babu komai. Shi kuwa ya ɗauka hannun ya tafi ke nan. Ya ajiye almakashi a hankali, ya shafa hannun, ya yi mini murmushi don kada in ji tsoro.

Da gudu na tsallaka, takalmina ɗaya ya zauna a tsakiyar titi.

Yana gaishe ki. Gobe zai ɗinka labulen da ya ƙi karɓa wancan makon.

Taki har kullum,
Auta